Gurnanin Ɗan Kwikwiyo: Wasa Ne Ko Faɗa?

A wani rangadi da na yi na duba makarantu, na sauka a wata makarantar ƙauye wadda ba zan ambaci sunanta ba. Bayan mun gama duba rajista da littattafan yara, sai Hedimasta ya ce yana da wata magana wadda ba ta aiki ba ce. Ya ja ni bayan azuzuwa, wajen lambun makaranta, ya nuna mini wani ɗan kwikwiyo ja a ɗaure a gindin darbejiya. Ya ce, "Yallaɓai, daga wurin wani mafarauci na samo shi don ya tsare mana lambu, gama awaki da birai sun dame mu. Amma ina jin na ɗauko wa kaina rigima. Bai fi wata biyu da haihuwa ba, kullum sai gurnani da cizo. Jiya ma ya kama bakin wandon wani yaro. Na yi duka har na gaji, kamar ƙara zuga shi na ke yi. Ko in sa a kai shi daji a yar?"

Na ce ya kwance shi tukuna mu gani. Na samo wani tsumma na ja shi a ƙasa. Nan da nan kwikwiyon ya sunkuyar da ƙirjinsa, ya ɗaga gindi sama, ya yi tsalle ya cafke tsumman, yana ja yana gurnani kamar wani ƙaramin zaki. Da na saki, sai ya ɗauko tsumman ya sake kawo mini. Jim kaɗan aka kawo masa ƙanzo a kasko. Hedimasta ya matso kusa, sai kwikwiyon ya daina ci, ya ƙame, ya kifa kansa a kan kaskon yana kallonsa ta wutsiyar ido, ya yi wani gurnani mai kauri daga can cikin ƙirji.

Na ce, "Malam, ka ji bambanci?" Ya ce shi dai duk gurnani ya ji. Ashe magana biyu dabam kwikwiyon ya ke yi masa, shi kuwa tsumagiya ɗaya ya ke amsa su duka da ita.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida ba su ajiye kare, waɗansu ma ba su son ya raɓe su. Amma shari'a ta yarda a ajiye shi don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona, kuma ga shi malaman makaranta da akawuna da yawa, musamman waɗanda aka ba gida a bayan gari, suna ajiye shi don gadi. Tun da ya ke 'ya'yanmu da almajiranmu ne ke kusa da bakinsa, ya kamata mu san abin da ya ke nufi in ya buɗe bakin nan.

Abin da ke kawo cizon wasa

Kwikwiyo a kan haife shi ne ba ya gani, ba ya ji. Idonsa ya kan buɗe wajen kwana 10 zuwa 14. Da ya kai mako 3 haƙora su kan fara tsirowa, har su cika 28, ƙanana masu tsini kamar allura. Daga nan sai kokawa ta kankama tsakaninsa da 'yan'uwansa. Ba shi da hannu, saboda haka da baki ya ke kamawa, da baki ya ke taɓa kome don ya san ko mene ne. In ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya kan yi ƙara ya bar wasan, ya bar mai cizon shi kaɗai. In ya matsa wa uwar, ta kan yi masa gurnani, ko ta tashi ta ba shi wuri. Yau da gobe sai ya gane iyakar ƙarfin da zai sa wa haƙoransa in yana son wasa ya ɗore. Wannan ita ce makarantarsa ta fari, kuma babu malamin da zai iya koya masa wannan darasi kamar 'yan'uwansa.

To, a nan ne mu kan yi kuskure na fari. Da mun ji karyar wani ta haihu, sai mu yi ta gaggawa kada wani ya riga mu, mu ɗauko kwikwiyo yana ɗan wata guda, wai don ya saba da mu tun yana ƙarami. Kwikwiyon Hedimasta ma haka aka yi masa. Daidai ya ke da a cire yaro daga aji ɗaya, sa'an nan a yi fushi don bai iya karatu ba. Abin da ya fi shi ne a bar shi wurin uwarsa har ya cika mako 8. A Ingila ma doka ta hana masu sana'ar kiwon karnuka sayar da wanda bai kai haka ba.

Waɗansu masana biyu na Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekara 13 suna nazarin karnuka iri biyar a garin Bar Harbor, har da karen farautar nan na ƙasar Kongo da a ke kira basenji, suka buga littafinsu a 1965. Sun gano cewa tsakanin mako 3 da mako 12 ne zuciyar kwikwiyo ta ke a buɗe: abin da ya saba da shi a wannan lokaci ba ya tsoronsa in ya girma. A wurin nan ne kuma aka gwada aka ga kwikwiyon da bai yi hulɗa da mutum ba har ya kai mako 14 ya kan tashi da tsoron mutane kamar naman daji. Ku duba fa, a garuruwanmu abin da kwikwiyo ya kan fara sani game da yara shi ne jifa. Wanda ya tashi a kan haka, ina mamaki in ya ga yaro ya yi gurnani?

Akwai kuma famfara. Daga wajen wata 4 haƙoran fari su kan fara zubewa, manya guda 42 su maye gurbinsu, ba su kan gama fitowa ba sai wajen wata 6 ko 7. A wannan tsakani dasashinsa yana ƙaiƙayi, ba abin da ya ke so kamar tauna. Takalmi, tabarma, ƙafar kujera, yatsan yaro, duk ɗaya ne a wurinsa.

Yadda a ke rarrabewa

Ku malaman makaranta ba ku bukatar dogon bayani a nan, don kullum kuna yin wannan aiki a filin wasa. Yara biyu suna kokawa ko langa, ana ihu, ƙura na tashi, amma malami yana daga bakin aji ya san wasa ne, bai ko motsa ba. Wanda aka kayar ya kan tashi yana dariya ya ce a sake. Wani lokaci kuma ihun ya kan ɗauke, fuska ta canja, jiki ya sandare, sai ka ga malami ya taso da gudu tun ba a kai duka ba. Da irin wannan ido za ku dubi kwikwiyo.

Mai wasa jikinsa a sake ya ke, yana karkacewa, yana tsalle-tsallen da ba su da dalili. Bakinsa a buɗe, harshe a waje. Ya kan yi sunkuyon nan da na ambata, ƙirji a ƙasa gindi a sama, wanda ke nufin abin da zai biyo baya duk wasa ne. In su biyu ne, za ka ga suna karɓa-karɓa: wanda ya kori ɗan'uwansa yanzu, an jima shi a ke kora. Babba ya kan kwanta rigingine da gangan don ƙarami ya hau shi. Su kan kuma tsaya na ɗan lokaci, su girgiza jiki, sa'an nan su koma. Gurnanin wasa gajere ne, yana zuwa a kai a kai, yana hawa yana sauka. Ƙarfinsa kada ya ruɗe ka, gama wani kwikwiyon ya fi wani baki, kamar yadda ya ke a cikin yara.

Wanda ya ke gargaɗi kuwa, abu na fari da za ka gani shi ne tsayawa cik. Ya kan rufe baki, ko ya yaƙe haƙora, ya kafe ka da ido, ko ya kau da kai yana hararenka har ka ga farin idonsa. Gashin bayansa ya kan miƙe. In tsoro ne, sai ya kwantar da kunne, ya matse wutsiya tsakanin ƙafafu, ya nemi lungu. Gurnaninsa dogo ne, mai kauri, ba ya hawa ba ya sauka. Tun kafin ya kai ga gurnani ma ya kan ba da ƙananan alamu waɗanda ba mu kula da su ba: lasar baki ba tare da ya ci kome ba, da hamma ba tare da barci ba, da ƙoƙarin zamewa. Kaɗa wutsiya kaɗai ba shaida ba ce, don kare ya kan kaɗa ta a sandare yana shirin cizo. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Cizo ma haka ya ke, da wuya ya zo ba sallama.

Su kansu karnuka sun san wannan bambanci. A 2010 waɗansu masana na wata jami'a a birnin Budapest suka buga sakamakon wani gwaji mai ban sha'awa. Suka ɗauki muryar karnuka suna gurnani iri uku: na wasan jan igiya, da na ganin baƙon da ba a yarda da shi ba, da na tsaron abinci. Sai su ajiye ƙashi a ɗaki, su saki kare, in ya zo zai ɗauka su kunna masa ɗaya daga cikin muryoyin daga wani wuri a ɓoye. Gurnanin tsaron abinci shi ne ya fi sa karnuka ja da baya su bar ƙashin. Na wasa kuwa, yawancinsu ba su damu da shi ba.

In har yanzu kana shakka ko wasan kwiyakwiyai biyu ya wuce gona da iri, ga dabara mai sauƙi. Riƙe wanda ya fi ƙarfi a hankali, ka saki ƙaramin. In ya dawo yana neman a ci gaba, bar su. In ya gudu ya ɓuya, ko ya zo ya raɓe a ƙafarka, to, an cuce shi, raba su su huta.

Maganar duka

A nan na fi son in daɗe, domin nan ne haɗarin ya ke. Gurnanin gargaɗi roƙo ne: kwikwiyo yana cewa ya tsorata, ko yana jin ciwo, ko yana gudun a ƙwace masa abinsa, a ba shi wuri. In ka doke shi, tsoron yana nan inda ya ke, har ya ƙaru, don yanzu ya tabbata hannun da ke matsowa kusa da kaskonsa hannun mugunta ne. Abin da ya koya kawai shi ne gurnani yana jawo sanda. Sai ya bar gurnanin. Mai gida ya yi murna ya ce kare ya ladabtu. Ran nan ƙaramin yaro mai rarrafe ya nufi kaskon, babu babba a kusa, babu kuma gurnanin da zai sa uwar ta waiwayo daga madafa. Fuskar mai rarrafe kuwa daidai bakin kare ta ke.

Akwai wata magana da ta yaɗu daga littattafan Turawa, wai kwikwiyon da ke gurnani sarautar gida ya ke nema, saboda haka sai a danne shi a ƙasa, a shaƙe wuyansa har ya sallama. Asalin wannan ra'ayi daga nazarin kyarketan Turai ne da wani masani, Rudolf Schenkel, ya buga a 1947. A gidan ajiye namun daji na birnin Basel ya yi nazarin, inda aka tara kyarketai baƙin juna a wuri guda, tilas su yi ta faɗa. Wani Ba'amurke, David Mech, ya ƙara yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970, amma da ya je ya zauna ya ga kyarketai a dajinsu, sai ya fito a 1999 ya gyara maganarsa: garken kyarketai iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Mai maganar ya janye ta, amma har yanzu ana danne 'yan kwiyakwiyai da sunanta. A 2009 kuma likitocin dabbobi na Jami'ar Pennsylvania suka tambayi mutanen da suka kawo karnukansu saboda mugun hali, suka tarar fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka gwada duka ko shuri, karnukan sun mayar musu da faɗa.

Ni dai a aikina na ga irin wannan a cikin aji. Yaron da a kan zane shi duk sa'ad da ya ce bai gane ba, ya kan daina faɗa, amma ba ya fara ganewa.

Abin da za a yi

Game da cizon wasa, doka ɗaya ce a gida, kuma kowa ya bi ta, daga mai gida har ɗan auta: ba a wasa da kwikwiyo da hannu tsirara ko da ƙafa. A samo masa igiya mai kauri, ko tsohon buhu a ƙulle shi. Duk sa'ad da ya kai baki ga hannu, a miƙa masa igiyar. In haƙori ya taɓa fata, wasa ya ƙare nan take: ka miƙe, ka naɗe hannu, ka juya masa baya, ko ka shige ɗaki na kamar rabin minti, sa'an nan ka dawo a ci gaba. Abin da 'yan'uwansa za su yi masa ke nan da an bar shi tare da su. Kada ka fizge hannu, don abin da ke gudu shi ya ke bi, kada kuma ka yi tsawa, don waɗansu tsawa zuga su ta ke yi. Za a maimaita wannan sau da yawa, mako da makonni. Wanda ya taɓa koyar da aji ɗaya ba zai ga tsawonsa ba.

Wasan jan igiya ba laifi ba ne, ko da yana gurnani, ko da shi ya ci. Sai dai a koya masa saki: ka tsai da igiyar cik, ka nuna masa ɗan abinci, in ya saki ka ce "saki", ka ba shi, ka mayar masa da igiyar.

Yara su suka fi shan cizo, don su kan gudu suna ihu, wannan kuwa gayyata ce a wurin kwikwiyo. A koya musu in ya biyo su su tsaya kamar turke, su rungume hannu, har ya gaji ya tafi. Kada su ɗauke shi, kada su ja kunnensa ko wutsiyarsa, kada su taɓa shi yana barci ko yana ci. Ƙaramin yaro kuwa ba a barinsa da kare su kaɗai, kome kyan halin karen. Ku lura kuma, haukan wasan nan da ya kan kama kwikwiyo da magariba sau da yawa gajiya ce. Mafi yawan dare da rana barci ya ke bukata, sai a ba shi wuri mai inuwa wanda ba mai damunsa. Ɗaure shi a turke wuni guda kuma ya kan tara masa ƙarfi, in an kwance shi ya rasa inda zai sa kansa.

Game da gurnanin kasko, abu na fari shi ne ka ja da baya. Wannan ba ragwanci ba ne. Sa'an nan ka canja masa tunani: kana wucewa daga nesa yana cin ƙanzonsa, sai ka jefa masa abin da ya fi ƙanzon daɗi, ɗan nama ko kan kifi, ka wuce abinka. Kullum ka ƙara matsowa kaɗan, muddin jikinsa a sake ya ke. Sannu a hankali zai gane zuwan mutum ƙari ya ke kawowa. In tilas ne ka karɓe wani abu daga bakinsa, yi musaya da shi. Al'adar nan ta ƙwace kasko a mayar don wai ya saba, ita ke haifar da abin da a ke gudu. In gurnanin yana ƙaruwa duk da haka, ko kwikwiyon ya yi cizon da ya huda fata yana a ƙame, kada a ci gaba da gwaje-gwaje, a nemi likitan dabbobi.

Gurnanin da ba na hali ba

Kwikwiyon da bai saba gurnani ba, in ya fara shi rana ɗaya da an taɓa shi, a fara zaton ciwo: kunne, ko ƙaya a ƙafa, ko kaska, ko ciki. Amma akwai wanda ya fi wannan muni, watau ciwon haukan kare, kuma ƙuruciya ba ta hana kwikwiyo ɗaukarsa. Alamunsa su ne canjin hali farat ɗaya, da cizon duk abin da ya tarar har ƙasa da itace, da dalalar yawu, da canjin murya, da tangaɗi, da saki na muƙamuƙi. Wani ma ba ya faɗa, sai lafewa da lasar mutane fiye da yadda ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Saboda haka in haƙorin kare ya huda fatar yaro, ko da a wasa ne, muddin ba a tabbata an yi wa karen rigakafi ba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafen gida. Karen kuma a killace shi kwana 10 ana dubansa, amma kada a jinkirta kai yaron don jiran kwanakin nan. Shi kwikwiyo a kan yi masa allurar rigakafi da ya cika wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Tun a 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum wannan allura a Faransa, kuma a nan ƙasar ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin ta karnuka. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita aka keɓe don tunawa da wannan ciwo, ga dama ga malamin da ke neman abin da zai faɗa wa yara a taron safe.

Yaron da aka kama wa wando a makarantar nan, mun duba ƙafarsa a ranar, haƙori bai kai fata ba. Na bar Hedimasta da igiya, da alkawarin zai kai kwikwiyon wurin allura, ko da ya ke na ga alamar bai gamsu ƙwarai ba. Da na komo bayan wata bakwai, na tarar da kare ƙosasshe kwance a bakin lambu, yaran aji shida suna ban ruwa a gefensa. Hedimasta ya ce cizon hannu ya ƙare tun da ya gama famfara, kasko ma yanzu har kaɗa wutsiya ya ke yi in an matso. Amma in ya sami ƙashi, har yau ya kan yi gurnani. Na ce me ya ke yi masa? Ya ce ba kome, ya dai gaya wa yara in sun ji su ba shi wuri, kuma ba a ba shi ƙashi sai an tashi daga makaranta. Tsumagiyar tana nan rataye a darbejiya, ya ce ta awaki ce.